Doroteo Magsino, Mai Ɗaukar Gidajen Mutane

Ranar Talata, 17 ga Yuni, 1902, Allah ya karɓi ran Doroteo Magsino a nan lardinmu na Batangas. Amai da gudawa ne ajalinsa, kamar ɗimbin mutane tun faɗuwar damina. Haka za a faɗa. Ni kuwa, Doro, na san abin da ya kwantar da kai a ƙasa kafin cutar ta iso, kuma ba zan yi shiru ba.

Kai ka riƙe ɗana ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Pare. Ƙauyenmu kuwa da ɗaukar gida ya san ka, don gidajenmu na gora ne a kan dirkoki. Duk mai son tashi, kai yake kira. Ka duba dirkoki, ka zura gorori a ƙarƙashi, ka jera maza, dogo da dogo, gajere da gajere. Kana yin kuwwa gida zai tashi ɗungurungum da jinkarsa, ya kama hanya. Ladanka kwanon taliyar da ake ba kowa. Ni da nake gajere ban taɓa tsira daga bakinka ba.

"Pare Abe, kai kake ɗauke da gidan, ko shi yake ɗauke da kai? Na ga ƙafarka tana lilo!"

Sai ga Amurkawa. Da farko wai abokai ne, sun zo taya mu korar Sifaniyawa. Ashe ciniki aka ƙulla a bayan idonmu: waɗancan suka sayar, waɗannan suka saya, da mu da gonakinmu da ɓaunayenmu na noma, ba wanda ya ce mana uffan. Mutanen da suke taƙamar sun kori sarki don neman 'yanci, duk faɗin ƙasarsu bai ishe su ba, sai da suka ƙetaro teku suka zo kan 'yar shinkafarmu.

A Disambar bara suka ce kowa ya koma cikin gari kafin Kirsimeti, abin da ya rage a waje wuta ce, don kada mayaƙanmu da suke yaƙarsu daga kan dutse su sami abinci. Mutane suna kuka, kai kana saran gora. Ka ce ko gida ɗaya ba za a bar musu ba. Ka fara da na Nana Pilang, tsohuwar da ba ta da miji ba ta da ɗa. Kullum matarka Sebya tana tare ka a hanya.

"Doro, namu fa? Ko a kan bishiya za mu kwana?"

"Haba Sebya, namu ƙafa gare shi? Yana nan yana jiranmu."

Kafaɗunmu suka sale, amma muka kwashe ƙauyen. Muna komawa ɗauko na ƙarshe, wato naka, muka hango hayaƙi.

Nana Pilang ta ba ku ƙarƙashin gidanta, inda a da kaji suke kwana. Nan ka zauna a kan danshi wata da watanni. Da aka buɗe hanya kowa ya koma ƙauye, kai babu gida, babu ɓauna, babu iri. A nan cutar ta same ka.

Gawarka ba ta huce ba sojoji suka zo da kananzir, domin dokarsu ce a ƙone gidan da aka mutu da cutar. Tafinta yana ta bayani wai tsabta suka zo koya mana. Nana Pilang ta rungume tsani.

"Kai yaro, gaya musu a kafaɗa Doro ya kawo mini gidan nan! A kafaɗa!"

Suka ɓamɓare ta suka cinna wa gidan wuta. Kai kuma suka jefa ka a amalanke, suka baɗe ka da farar ƙasa, babu zaman makoki, babu addu'ar coci. Mu duka muna tsaye, maza masu kanta a kafaɗa, aka hana mu ɗaukarka. Wallahi wannan ba zai bar raina ba har in mutu.

Allah ya jiƙan ka, Pare, ya gafarta maka, ya ba ka mazauni da ba mai iya ƙonawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Sebya da 'ya'yanku, da Nana Pilang wadda yanzu take kwana a barandar coci. Allah ya ba su haƙuri. Su kuwa baƙin nan, Allah ya mayar da su gidajensu lafiya, sa'an nan ya tambaye su namu.