Ranar da Kududdufin Kuza Ya Juya

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina aikin duba-gari, amma ban taɓa mantawa da ranar da na ga ruwa ya juya da idona ba. Ku sababbin shiga nake ba labarin nan, don na lura kuna riƙe takardar ɗakin gwaji kamar daga sama ta sauko. Ni ma haka nake a da, har na fi ku.

Wajen 1978 ne, a ƙarshen rani, ina mataimakin duba-gari a Jos. Ga wanda bai san tsarin ba, mu mataimaka mu ke zagaya kasuwa da mahauta da rijiyoyi, mu rubuta abin da muka gani mu sa hannu, sannan babban duba-gari ya sa nasa a ƙasa. Namu babban shi ne Oga Bamidele, Bayarabe da ya daɗe a Jos, mutum mai gaskiya da tsari, sai dai in ka ce masa rana ta fito sai ya tambaye ka a wane fayil ka gani.

Wata Litinin wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata ta rubuto, tana neman izinin yin gasar iyo ranar Asabar a wani kududdufi can bayan Kabong. Irin ramukan nan ne da aka haƙi kuza aka bari, ruwa ya cika su. Lambunan tumatir da kabeji sun kewaye shi. A shekarun nan takin zamani ya wadata, masu lambu suna zuba shi ba ƙyashi, ban-ruwa kuma yana wanke shi yana maida shi ramin. Ruwan ya ƙoshi, ya yi kore shar kamar miyar kuka.

Na yi abin da aka koya mini. Na tsoma dafaffiyar kwalba a bakin ruwa, na rufe, na rubuta wuri da lokaci, na kai ɗakin gwaji kafin rana ta yi zafi. Abin da suke nema a can shi ne ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bayan gida. Ranar Alhamis da safe sakamako ya fito, babu abin tsoro. Saura kawai in koma in duba inda masu iyo za su shiga.

Ina tsaye a bakin gaɓa sai wani tsoho mai lambu ya ajiye fartanyarsa ya nufo ni. Baba Audu ake ce masa, yana cikin leburorin da suka haƙa ramin da hannunsu.

"Ɗana, rannan na ga ka ɗebi ruwa a kwalba. Daga ina ka ɗeba?"

"Daga nan bakin, Baba."

"To, a ƙofar gida kuka gaisa ke nan, ba ka shiga ba. Zo mu je."

Yana da wasu durom biyu da ya ɗaure da katako, yana hawa in zai gyara bakin tiyo. Muka hau, yana turawa da gora, ni kuwa ina ta salati a zuci don iyona bai wuce na rafin ƙauyenmu ba. Da muka kai tsakiya ya zaro farin faranti mai huji, ɗaure da igiya, ya saki a hankali. Kafin igiyar ta kai kamu ɗaya farantin ya ɓace.

"In faranti ya ɓace a nan, mutum ma a nan zai ɓace," in ji shi.

Sai ya cire munduwar jan ƙarfe daga aljihu, ya goge ta da toka har ta yi walƙiya, ya ɗaure ta da dutse ya zura. Na ƙirga igiya gaba goma sha ɗaya kafin munduwar ta taɓa ƙasa. Ya bar ta can na ɗan lokaci. Da ya jawo, munduwar ta fito baƙa ƙirin, igiyar sanyi ƙalau, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Ruwa biyu ne a nan," ya ce. "Na sama mai ɗumi, shi ne kifi ke ciki. Na ƙasa matacce ne, duk ganyen nan da ya mutu can yake ruɓewa. Ranar da ruwan farko ya sauko da ƙanƙara, na sama zai yi sanyi ya nutse, na ƙasa ya taso. Ga shi kullum da yamma hadari yana haɗuwa."

Na koma ofis na gaya wa Oga duka. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya turo fom gabana.

"Malam Sani, takarda ya ce ruwa yana da kyau. Wane layi a nan ya ce faranti?"

"Babu, Oga."

"To sa hannu."

"Oga, ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba."

Kafin a tashi aiki takardar tuhuma ta iso teburina, shi kuma ya sa hannunsa shi kaɗai a izinin. A shekarar nan nake jiran ƙarin girma. Ba zan yi muku ƙarya ba, na koma gida ina jin haushin tsohon nan, ina cewa wa ya aike ni hawa durom.

Ranar Juma'a bayan la'asar sama ta ɓalle. Ƙanƙara ta yi ta dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, sanyi ya sauko kamar ba jiya muke gumi ba.

Asabar da ƙarfe takwas na isa kududdufin, an shirya fara gasa ƙarfe goma. Tun daga titi wari ya tare ni. Da na hau tudu na leƙa, sai na tsaya cik. Koren nan ya tafi gaba ɗaya. Ruwan ya koma launin toka, yana fitar da kumfa daga ƙasa, nan da can, a hankali, kamar abu mai numfashi. Daga gaɓa zuwa gaɓa karfasa ce cikinta sama, fari fat. Tarwaɗa manya-manya, waɗanda ban san ramin yana da su ba, suna turereniya a gefe, suna hawa laka da ƙirjinsu. Kwaɗi sun cika kunyoyin kabeji suna barin wurin. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba. Na ji tsoro, na kuma ji ƙanƙantar kaina yadda ban taɓa ji ba.

Masu iyo sun riga sun zo, samari da magidanta, tawul a wuya, an kafa tutoci, mai ganga ya rataye gangarsa. Muryar Baba Audu kawai ake ji, yana korar matan da suka zo da kwanoni za su tsinci kifi.

Oga ya iso a 'yar motarsa. Ya daɗe a tsaye, hankici a hanci. Ya juyo ya dube ni, ya gangara wajen tsohon ya cire hularsa.

"Baba, wane makaranta ka koyi wannan?"

Baba Audu ya share hannu a rigarsa. "Ba makaranta ba ce, ranka ya daɗe. Ƙanena ne. A wani rami can wajen Bukuru, irin wannan koren. Muna wanka a ciki, yana gabana, kamar ni da kai. Na juya in amsa sallama, na juyo babu shi. Na nutsa sau bakwai ina lalube, ko tafin hannuna ban gani ba."

Oga da kansa ya hau tudu ya sallami jama'a. Litinin ya janye takardar tuhumar, ya kuma aike ni in koma in rubuta duk abin da tsohon ya sani game da ramukan yankin.

Kada ku raina ɗakin gwaji, bai yi ƙarya ba, abin da na kai masa shi ya auna. Amma duk inda aka tura ku, kafin ku ɗebi ruwa, ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa a bakinsa, ku durƙusa ku gaishe shi, ku saurara da ladabi. Sau da yawa abin da zai gaya muku a tsaye cikin minti biyar, sai da ya binne wani kafin ya san shi.