Alhamis ta Uku a Bi'ir Ali

Shekara tara na yi ina aikin ɗan sanda a Kano, bakwai daga cikinsu a kan babur, a gaban jerin motocin manya. Aikina guda ne, buɗe hanya. In saki jiniya, in miƙe tsaye a kan babur, in wurga hannun hagu gefe, sai ka ga titi ya dare biyu. Ba zan ɓoye ba, ina son aikin nan kamar me. Da na ajiye kaki na kama gyaran babura, har rabo ya kai ni Madina wajen ƙarshen shekarun casa'in, wani gareji a unguwar Ƙuba.

Zaman Madina ba abin da ya rage ni da shi sai abu ɗaya. Kullum hannuna cikin injin babur, amma hawana bai wuce daga ƙofar gareji zuwa kwanar gonar dabino ba, in gwada gyara in dawo wa mai shi da abinsa. Ina da wani tsohon babur da na harhaɗa da hannuna, na yi masa takardu, sai dai ba ni da inda zan je da shi, ba ni da kuma abokin tafiya. Matata takan ce na fi shafa shi fiye da yadda nake shafa kan 'ya'yana.

Cikin masu kawo mana gyara akwai wani dattijo, tsohon hafsan 'yan sandan hanya da ya yi ritaya. Kowa Aƙid yake ce masa, wato kanar, ni ma na bi sahu. Gajere ne, mai farin gemu, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji. Ran nan na gama masa gyara, na juya babur ɗinsa a ɗan matsattsen filin gareji ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. Ya dube ni ya ce, “Ya akhi, wannan juyin ba na makanike ba ne. A ina ka yi aiki?”

Na gaya masa. Shi ne ya ba ni labarin ƙungiyarsu. Su goma sha wani abu ne, duk 'yan sanda, masu aiki da masu ritaya, kowa da babur ɗin kansa. Duk Alhamis, da yake a lokacin ita ce farkon hutun mako, suna haɗuwa bayan sallar asuba su fita bayan gari shan iska. Ba sa ɗaukar wanda bai taɓa sa kaki ba, kuma ba su taɓa ɗaukar baƙo ɗan wata ƙasa ba. Ya ce in ina so in zo gwaji na Alhamis uku. In ya gamsu zai ce in dawo ta huɗu, in bai ce komai ba, to mu ci gaba da gaisawa a gareji.

Abin nema ya samu. Ranar na koma gida ina waƙa, har matata ta ce, “Malam, lafiya? Kai da furfura ta fara leƙo maka, yanzu kuma wasan babur?” Na ce mata ba wasa ba ne, ƙungiya ce ta manyan mutane. Ta ce manyan mutane a mota ta san su.

Dokokinsu ba su da yawa. Ba mai wuce Aƙid. Sabon shiga shi ne na ƙarshe a layi, shi ke ɗaure filas ɗin gahawa da finjalai da kwandon dabino a bayan babur ɗinsa. Sai babbar doka, wadda Aƙid ya maimaita mini sau biyu: a cikin Madina da kewayenta ba hon, ba murza mai don burga, ba ɗaga wa mai tafiya a ƙasa murya. Ya ce, “Mutanen nan baƙin Manzon Allah ne, mu kuma maƙwabtansa. Maƙwabci ba ya tsorata baƙon maigida.” Na ce na ji. A raina kuwa abin da ya tsaya mini shi ne zaman ƙarshen layi. Ni da na saba gwamna ma bayana yake kallo, yau ni ne ɗan dakon gahawa.

Amma da muka fita Alhamis ta farko duk wannan ya bi iska. Sanyin safiya yana shiga ta ƙarƙashin hular kwano, duwatsu suna yin ja da fitowar rana, ƙarar babura goma sha uku ta haɗu ta zama ɗaya. Wallahi sai da na yi ƙwalla, na ɗora wa iska laifi. Muka yada zango a gindin wata bishiya, aka shimfiɗa darduma, na zuba gahawa kamar yadda aka nuna mini: filas a hagu, finjali a dama, ɗan kaɗan a gindin kofi, ana farawa da babba. Wanda ya ƙoshi sai ya girgiza finjalinsa, in bai girgiza ba ka ƙara masa. Suka yi ta tsokanar Larabcina, ni kuma ina tsokanar tumbinsu. Alhamis ta biyu ma haka, har aka fara kirana da “abokin aiki”. Rabona da jin kalmar nan tun ranar da na miƙa kakina.

Ta ukun ta faɗo a daidai lokacin da alhazai ke barin Madina zuwa Makka. Hanyarmu ta bi ta Bi'ir Ali, inda suke tsayawa su ɗaura harami. Muka tarar da manyan motoci sun cushe, mutane cikin fararen mayafai suna tsallaka titi ta ko'ina. Aƙid ya tsaya, layi ya tsaya. Minti biyar, minti goma, rana ta fara zafi, shi kuwa ya naɗe hannu a kan tanki kamar mai jiran a kawo masa abinci.

Hali zanen dutse. Ban san lokacin da na fita daga layi ba. Na wuce mutum goma sha ɗaya, na wuce Aƙid, na miƙe tsaye, na danne hon, na wurga hannun hagu ina cewa, “Hanya! A ba da hanya!” Da Hausa ma na faɗa. Mutane suka watse, titi ya buɗe tas. Na waiwaya ina jiran a biyo ni, har da ɗan murmushina na wanda ya nuna gwaninta.

Ba wanda ya motsa. Aƙid ya kashe babur ɗinsa, sauran suka kashe nasu. Ya nuna mini gefen titi da haɓa. Wata tsohuwa ce a zaune daɓas a ƙasa, butarta ta kife, takalminta ɗaya yana tsakiyar kwalta. Gudun hon ɗina ne ya kayar da ita. A take na san na yi wa kaina, Alhamis ta huɗu ta tafi.

Na sauka, na ɗauko takalmin, na cire hular kwano na tsuguna a gabanta. Ina haɗa kalmomin ban haƙuri da Larabci sai ta katse ni da Hausa garau.

“Ajiye Larabcin nan, ɗan nan. Kai ɗan sandan gida ne.”

Na ce, “Iya, ya aka yi kika sani?”

“Wannan hannun naka. Shekara nawa ina talla a bakin titi, ana yi mana shi in manya za su wuce? Na ce na zo garin Annabi na huta, ashe kun riga ni zuwa.”

Matan da ke tare da ita suka fashe da dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara bakwai ina wurga hannun nan, ban taɓa tsayawa na ga fuskar wanda ya faɗi ba sai ranar. Na ce, “Iya, ki yafe mini don darajar wannan gari.” Ta ce bari ta huce tukuna, ba a yafiya da haki.

Sai ga Aƙid a kaina. Ya gaishe ta da hannu a ƙirji, sannan ya ce mini a hankali, “Gahawa.” Na kwance filas, na zuba mata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

“Wannan shayin ba sukari? Mutanen nan da arzikinsu?”

Na miƙa mata dabino na ce da shi ake haɗawa. Ta gwada, ta ce to, yanzu magana ta fito. Ta miƙo finjali, ba ta girgiza ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata ana girgizawa. Na dubi Aƙid, ya ɗaga gira, na ƙara mata. Ta shanye ta miƙo, na ƙara. A na biyar ta ce, “Kai, ɗan nan, so kake ka kashe ni? Ina maido maka da kofinka kana sake cikawa!” Da na fassara wa Aƙid, dariya ta kama shi har ya dafa kafaɗata. Ban taɓa jin muryarsa ta fito haka ba. Kafin ka ce kwabo 'yan motarsu sun kewaye mu, manyan hafsoshi suna raba dabino, ni ina zuba gahawa, har filas ya ƙare ƙaf. Da za ta hau mota ta ce ta yafe, ta sa mini albarka, ta ƙara da cewa in bar hannun nan a aljihu.

Na koma ƙarshen layi ba tare da an ce in koma ba. A gindin bishiya aka shimfiɗa darduma, ba gahawa, ba dabino, sai ruwa. Aka yi hira, ni ina kallon duwatsu, ina yi musu sallama a zuci. Aƙid bai ce mini uffan ba har aka naɗe darduma. Ya sa hular kwanonsa, ya tayar da babur, sannan ya yafito ni. Na matsa kusa don in ji.

Ya ce, “Alhamis mai zuwa ka zo da filas biyu. Ɗaya namu, ɗaya na baƙi.”

Da na isa gida na gaya wa matata. Ta ce ita dai abin da ta fahimta shi ne an ƙara mata aikin dafa gahawa, amma ita ce ta je kasuwa da kanta ta zaɓo filas na biyun.

Shekara shida na yi tare da su. Bayan wata takwas da shigata wani saurayin ɗan sanda ya zo gwaji, Aƙid ya ce in ba shi filas in matsa gaba, lokacina ya yi. Na ce a ba shi ɗaya ya bi gabana, ni a bar ni inda nake. Daga ƙarshen layi kana ganin kowa, kana ganin wanda tayarsa ta yi sanyi, kana ganin wanda aka wuce a bakin titi. Duk sanda muka zo Bi'ir Ali muka tarar da cunkoso, hannun hagun nan yakan motsa da kansa, har yau ma bai daina ba. Sai in mayar da shi baya in dafa filas ɗin baƙi, in jira tare da kowa.