Ranar da Gwadabe Ya Shayar da Kuru

Gwadabe maƙwabcina ne a Balan, katangarmu ɗaya. Gajere ne, dokinsa ma gajere, irin wanda masu dawaki ke kira kuru. Samari kuwa, duk wanda ya faɗa wa abin da ya fi ƙarfinsa sai su ce ya yi kuru. Da sunan ya bi Gwadabe, ban san ta wace ƙofa ya shigo ba, shi ma bai tambaya ba.

Noma yake yi kamar kowa. Amma in an yi girbi, harawar wake mai kyau ta doki ce, awakin matarsa Kubura sai abin da ya rage. Ta yi mita har ta gaji.

Dokin na gado ne, shi da wansa Maiwada. Wata kaka aka sa sukuwa a Kademi, aka ce wani dillalin dawaki zai zo daga Kano. Maiwada ya tako har turke.

"In ya zo na ɗaya, mutumin nan zai saye shi. Na gaji da dabbar da ba ta huɗa."

Gwadabe ya ce, "To, Yaya."

Kowa ya san ba a cika wa dokin sukuwa ciki. Ranar sukuwar da azahar na leƙa, na tarar Gwadabe ya dama dusa da kanwa a daro, yana ta ɗura wa dokin ruwa.

Na ce, "Malam Gwadabe, yau ne fa."

"Na sani. Ƙishirwa yake ji."

Bayan la'asar aka saki dawaki. Kuru ya fita kamar gaske, kafin rabin fili ya yi nauyi. A ƙarshe ya shigo, bayan wata tsohuwar goɗiya daga Toranke. Samari suka yi wa Gwadabe caa.

"Baba Kuru, jaki ka aro?"

"Sauko ka goya shi, za ku fi sauri!"

Shi dai ɗaga musu hannu yake yi. Dillalin ko haƙoran dokin bai duba ba.

Maiwada ya matso, ya danna cikin dokin da tafin hannu, ya daɗe yana kallon ƙaninsa.

"Ni za ka yi wa haka? Ni fa na koya maka hawa." Sai dariya ta ƙwace masa. "Ja abinka ku tafi, Allah ya shirye ka."

Bai sake tada zancen ba. Yanzu Gwadabe ya bar sukuwa, gwiwa ta ƙi. Da yamma yakan ja dokin su zaga bayan gari a ƙasa, su biyun ba mai sauri.