Sarkin da Aka Fitar daga Firam

A kasuwar gwanjon da Larabawa ke kira haraj, Maijidda ta manta da fankar da ta zo nema, ta tsaya kallon wani dattijo. Siriri ne, gemu ja da lalle, jallabiya ta sha guga. Yana gaban wani ƙaton zane: mutum da gashi tuli har kafaɗa, hannu a ƙugu, takalmi mai tsini, ƙafa ɗaya gaba kamar zai taka rawa.

Dattijon ko kallon fuskar ba ya yi, firam ɗin mai ruwan zinare yake aunawa da taƙi.

"Cire mini Hajiyar nan," ya ce wa mai kayan.

"Ya ammi," mai kayan ya kira shi baffa da Larabci, "sarkin Turawa ne fa, na shekaru ɗari uku baya."

"Sarki da ƙwauri a waje? Halas, magana ta ƙare, cire shi."

Aka jingine mai martaba jikin wata matacciyar firji. Dattijo ya zaro hoto daga aljihu, bai kai tafin hannu ba: shuɗiyar ƙofa, akuya a gefe. Maijidda ta san irin ƙofofin nan, na unguwar Karantina ne kafin a yi mata rusau. Ƙila gidansa ne, nan ya aurar da 'ya'yansa.

Yana ta gwada hoton a tsakiyar firam, a inda kan sarki yake ɗazu.