Kek Ɗin Yaya Talatu Marar Ƙwai

Shekara takwas ke nan da muka rasa yayata Talatu, amma har yau in na ga ayaba ta nuna ta yi baƙi-baƙi a tiren masu talla a Tina Junction nan Jos, sai kek ɗinta ya faɗo mini a rai.

'Yarta Bilkisu tun tana rarrafe jikinta ba ya karɓar ƙwai. Ko lasa ta yi, sai leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Ga yarinya da kwaɗayin kek. Yaya ta duƙufa gaban tukunyar yashi, ta gasa ta zubar, ta gasa ta zubar, har ta gano ayaba lugub da kindirmon Fulani sun isa su riƙe fulawa. Ba ya tashi sosai, amma Bilki za ta ci ta kwana lafiya.

Dangi fa suka ƙi yarda. Wai camfin tsofaffi ta riƙe, na cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, sai ta fake da likita. Ranar wani suna a Nasarawa Gwom, Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta ja yarinyar ɗaki ta ba ta kek ɗin kanti, wai za ta karya ƙauyancin. A kafaɗa Yaya ta saɓe ta zuwa asibiti, ba mayafi ba takalmi. Allah Ya sa da sauran kwana. Gwaggo ta ce ai iska ce ta shafi yarinyar. Har Yaya ta koma ga Mahaliccinta, ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Yau ku duba shagunan Jos. An rubuta "babu ƙwai" a jikin kwalin kek, ana rububi, har jikokin Gwaggo suna ɗaukar hoto da shi. Da Yaya ta gani, ban sani ba ko dariya za ta yi ko tsaki. Na fi zaton tsaki.

Watan jiya aka ɗaura auren Bilki. Ni na gasa kek ɗin bikin, yadda na gani a hannun uwarta. Gwaggo ta cinye yanka biyu, ta ce, "Ke Ladi, wannan laushi haka, ƙwai nawa kika fasa?"

Na ce, "Ko ɗaya, Gwaggo. Camfin Talatu ne kike ci."

Ta goge baki, ta juya tana neman ruwa.

Amarya dai ga ta zaune, tana cin nata ba fargaba. Abin da Yaya ta bari ke nan. Haƙurin da aka hana ta kuwa, ko an kawo shi yanzu, babu mai karɓa.