'Yargata da Gidan Awo na Akokan

Duk Akokan an san 'Yargata da tambaya. Idan ta gaishe ka, nemi wurin zama, don sai ta ji yawan 'ya'yanka da abin da suka karya da shi. Daga Tahoua ta zo tana amarya, mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, wajen masu haƙar yuraniyom. Shi ya rasu, ita ta zauna. Karatunta bai yi nisa ba, amma shekara goma sha bakwai tana riƙe da wani ɗan gidan awo, inda ake ɗora yara a sikeli, a ba masu rama garin kunu.

Da aka rufe ramin haƙa na Akokan a 2021, maza suka watse, wasu gida, wasu Tchibarakaten neman zinariya. Mata sittin masu kawo yara awo suka koma tara.

Mushe Zayyadu, shugaban gidajen awo na Arlit, ya kira ta biro, wato ofishinsa. Mutumin kirki ne, sai dai daga kan kujera yake ganin gari.

"Madan, mutane sun tashi. Ƙarshen wata za mu rufe gidan awo."

"Mushe, wa ya ƙilga su?"

"Ai kowa ya sani."

"Ni dai ban sani ba. Ba ni sati biyu."

Ya ba ta, don ya huta da bakinta. Ta ɗauki kaye da bik na rubutu, ta bi lungu-lungu cikin ranar da ko akuya ba ta fita. Gida ɗari da arba'in ta shiga, tambaya ɗaya take yi: me ya hana ku zuwa? Ashe matan suna nan, yaran ma suna nan, wasu har an fara ƙirga haƙarƙarinsu.

Mina, wata 'yar Abzin da mijinta ya tafi zinariya, ita ta fasa mata ƙwai.

"Yaya, pampo yanzu safe kawai yana zo. In na tafi awo, wa zai tsaya ma bido a layin ruwa? Yaro sikeli zai sha?"

Gida ɗari da goma, amsar ke nan. 'Yargata ta rubuta komai, ta kai Arlit.

Zayyadu ya karanta, ya cire tabarau, ya buga tebur.

"Wane marar tunani ne ya sa awo ƙarfe takwas na safe?"

A nan ne matar nan ta burge ni. Tana iya cewa haka ta tarar, ba mai bincikawa.

"Ni ta, Mushe. Duba shafi na huɗu, na rubuta. Ni na aza lokacin tun ruwa na kwana a pampo. Da sunka daina zuwa, ban tambaya ba, sai na zamna ina zaginsu da ƙiwa."

Zayyadu ya mai da tabarau, ya duba shafi na huɗu. Ba a rufe gidan ba, aka mai da awo bayan la'asar.

Ranar farko mata arba'in da uku suka zo. Mina ta ɗora 'yarta mai shekara biyu a sikeli, allura ta tsaya inda ta ɗan shekara guda ke tsayawa. 'Yargata ta san watannin da ta yi tana zaune tana jira su ne a jikin yarinyar. Idonta ya cika, amma ta rubuta kilo bakwai, ba ta ƙara ko giram ɗaya ba.