Sanda Bature a Bayan Katanga

Malam Sanda ya daɗe yana masinja a wani ofis a Doka, kuma a can ya tsinci Turancinsa: na gaisuwa, na amsa kira, na ba da haƙuri. Da ya yi ritaya ya zauna a Hayin Banki, wannan ɗin ya ishe shi. Idan masu yanke wuta suka shigo layi, shi ake turawa gaba. Har suna ya bi shi, Sanda Bature. Bai taɓa cewa ya yi boko ba, bai kuma taɓa cewa bai yi ba.

Sai Malama Blessing, mai haya a gidan maƙwabta, ta buɗe wa matan aure ajin Turanci a tsakar gida bayan la'asar. Matarsa Harira ta shiga. Tun daga nan keken Sanda ya kama lalacewa kullum da yamma, kuma ba ya gyaruwa sai a gindin katangar da ta raba gidajen.

Wata rana Malama ta zo da tiren ƙwai da mudun shinkafa.

"Ƙwai ana ƙirga shi, sai ku ce many. Shinkafa fa, Magajiya, kin taɓa ƙirga ta?"

"Ni? Sai dai maigidana, idan wata ya yi nisa."

Aka kwashe da dariya.

"To ita much ce. Ku biyo ni: How much rice?"

Suka amsa baki ɗaya. Sanda ma ya bi a hankali, muryarsa a ɓoye cikin tasu. Aka maimaita, ya ɗan ƙara ƙarfi. Sai Malama ta ɗaga hannu alamar ya isa. Matan sun ga hannun. Shi bai gani ba.

"How much rice!" Muryar nan tasa mai kauri ta tsallake katanga ita kaɗai.

Can sai ga kan Magajiya ta saman katanga.

"Lah! Baban Umaima! Ashe ajinmu ɗaya? Zagayo mana, akwai tabarma."

"Ke Magajiya, bari," in ji Malama. "Baba, sannu. Daidai ka faɗa."

Yabon ya fi dariyar yi masa zafi. Ya ce sarƙar keke ce ta zame, alhali babu wanda ya tambaye shi. Ya ja keken ya shige ɗaki. Ranar ko majalisar ƙofar gida bai leƙa ba.

Harira ba ta tayar da zancen ba. Washegari bayan la'asar dai ba ta ɗauki hijabinta ba, ta zauna tana tsince wake.

"Yau babu aji ne?"

"Ƙafata ke ciwo, Malam."

Ya dubi ƙafar da ta yini tana kai-kawo da ita. Ta katanga an fara jiyo matan suna biya karatu.

"Tashi ki je."

Sai da ta kai bakin ƙofa ya ƙara, idonsa a ƙasa:

"In kin dawo, ki gaya mini na wake. Ƙirga shi suke yi ko a'a?"